Awa Takwas A Tudu: Zaɓen Abin Gani A Gaɓar Ƙasar Norwe

Kamfanonin jiragen ruwa na yawon buɗe ido sukan sayar wa mutum tafiyar mako guda zuwa gaɓar yammacin ƙasar Norwe, amma abin da ba su cika faɗa da babbar murya ba shi ne, lokacin da ƙafar matafiyi za ta taka ƙasa bai wuce awa bakwai ko takwas ba a kowane zango. Jirgi yakan iso da sassafe, ya tashi da la'asar. Idan zango huɗu ne, to duka-duka abin bai kai kwana ɗaya da rabi ba. A kan waɗannan 'yan sa'o'i ne ake miƙo wa fasinja doguwar takardar talla mai ɗauke da ziyarce-ziyarce iri-iri, kowace da farashinta, kuma kuɗin ziyara uku ko huɗu kan iya cin wani kaso mai tsoka na abin da aka biya na tafiyar kanta. Na yi wannan tafiya a lokacin bazararsu, kuma ra'ayina shi ne mafi yawan fasinjoji suna biyan kuɗi ne don a sake nuna musu abin da suka riga suka gani kyauta daga saman jirgi.

Bari mu fara da abin da ake zuwa gani. Fiyod wani dogon kwari ne mai zurfi da tulin ƙanƙara ya sassaƙa a cikin duwatsu shekaru dubbai da suka wuce. Da ƙanƙarar ta narke sai ruwan teku ya kutso ya cika shi. Mafi tsawonsu a ƙasar, Sognefjord, ya shiga cikin tudu fiye da kilomita 200, zurfinsa kuma ya kai mita 1,300 a wasu wurare. A matsayina na ɗalibin harshe, kalmar ma ta ja hankalina, domin tushenta ɗaya ne da kalmomin da ke nufin tafiya da fito a harsunan arewacin Turai. Wato ga mutanen da suka raɗa sunan, fiyod hanya ce, ba abin kallo ba. Har yau kuwa daga kan wannan hanya ake ganin kyansa, don haka duk wanda ya kwanta barci lokacin da jirgi ke kutsawa ciki da asuba ya yi asarar da babu motar safa da za ta mayar masa.

Kafin mai karatu ya ce to sai kowa ya kama gabansa, akwai ƙa'ida ɗaya da ya kamata a sani. Idan motar ziyarar da kamfanin jirgi ya shirya ta makara, jirgi zai jira ta. Idan kuwa kai ka shirya fitarka ka makara, fito na fito babu: jirgi zai tafi, ka nemi hanyar cim masa a zango na gaba da kuɗin aljihunka, a ƙasar da tsadarta ta shahara a duk Turai. Saboda haka tsadar ziyarar kamfani ba duka ba ce zalunci. Wani ɓangarenta kuɗin kwanciyar hankali ne. Abin tambaya a kowane zango shi ne: shin abin da nake son gani yana da nisan da zai sa in buƙaci wannan kwanciyar hankali?

A Geiranger amsar ita ce e. Ƙauye ne da mazaunansa na dindindin ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, a ƙarshen wani fiyod mai tsawon kilomita 15 wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Jirgi ɗaya kan sauke mutanen da suka ninka 'yan garin sau goma. Magangarar ruwan nan da ake kira 'Yan'uwa Mata Bakwai, da tsofaffin gonakin da aka ƙaurace wa a kan gefen dutse irin su Skageflå, duk jirginka ya wuce ta gabansu. Babu dalilin sake biyan kuɗin kwalekwale don a komar da kai. Abin da jirgi ba zai ba ka ba shi ne kallo daga sama, ko dai ta Hanyar Mikiya mai kwana 11 masu kaifi, ko kuma ƙololuwar Dalsnibba mai tsayin kusan mita 1,500. Sai dai a dubi sama kafin a biya, domin idan hazo ya sauko, abin da za a gani a can bai wuce farin bango ba. Wurin nan kuma ba aljannar hoto ba ce kawai. A 1934 wani ɓangaren dutse ya rufto cikin ruwa a Tafjord da ke kusa, igiyar da ta taso ta hallaka mutum 40, kuma har yau ana sa ido dare da rana a kan tsagewar dutsen Åkerneset. Hayaƙin jiragen ma ya zama abin damuwa, har gwamnati ta ƙayyade cewa daga 2032 manyan jirage masu fitar da hayaƙi ba za su shiga waɗannan fiyod na tarihi ba.

A Flåm kuwa tashar jirgin ƙasa tana daf da inda jirgin ruwa ke tsayawa, taku kaɗan ne. Layin dogon yana da tsawon kilomita 20, yana hawa daga bakin ruwa zuwa Myrdal mai tsayin mita 866 cikin kimanin awa guda, ta cikin ramuka 20 da aka huda a dutse, 18 daga ciki da hannu. An buɗe shi a 1940. Tikitin da mutum zai saya da kansa ta intanet tun kafin ya baro gida da wanda kamfanin jirgi ke sayarwa, jirgi ɗaya suke hawa, taga ɗaya suke leƙawa, amma farashin ba ɗaya ba ne. Sharaɗin kawai a saya da wuri, don kujeru kan ƙare a ranar da manyan jirage suka sauka.

Bergen ita ce inda na fi jin takaicin ganin jama'a sun yi layi suna shiga safa. Gari ne na tafiya da ƙafa, in dai an riƙe laima, domin ana samun ruwan sama a fiye da kwana 200 na shekara. Daga tasha zuwa Bryggen, tsohuwar unguwar fatake mai gidajen katako, 'yan mintoci ne. A nan fataken Jamus na ƙungiyar Hansa suka kafa zangonsu tun wajejen 1360, suka yi ƙarnoni suna sayen busasshen kifi daga tsibiran Lofoten na arewa suna musanyawa da hatsi. Gidajen da ake gani yanzu an sake gina su ne bayan gobarar 1702, bisa tsohon tsari. Wannan kifi ba baƙo ba ne gare mu: shi ne wanda Ibo ke kira okporoko, Yarabawa su ce panla, kuma Nijeriya tana cikin manyan kasuwanninsa har gobe. Da na tsaya cikin lungunan nan masu ƙamshin tsohon katako, sai na ga asalin cinikin da ƙarshensa ke Sabon Garin Kano.

Fataken ba kifi kaɗai suka taɓa ba. Yawancin karin harshen Norwe suna da jinsi uku na suna, wato namiji da tamata da 'yan ba-ruwanmu, amma karin Bergen ya zubar da na tamata, kuma wasu masana suna danganta haka da doguwar cuɗanya da baƙin 'yan kasuwa. Wanda ya san yadda jinsi ke ɓacewa a bakin masu jin Hausa a matsayin harshen kasuwa ba zai yi mamaki ba. Bugu da ƙari, akwai wani gidan tarihi da ba kasafai takardar talla ke ambata ba: tsohon asibitin kutare na St. Jørgen. A wannan gari ne likita Armauer Hansen ya gano ƙwayar cutar kuturta a 1873, a zamanin da mutane da yawa ke ɗauka gadonta ake yi. Wanda ya ga waɗannan biyu, ya hau ƙaramin jirgin da ake ja da igiyar ƙarfe zuwa tashar da ke tsayin mita 320 a kan dutsen Fløyen, ya ci moriyar yininsa ba tare da ɗan jagora ba.

Game da Stavanger gargaɗi kawai zan yi. Dutsen Preikestolen, wato Mumbarin Wa'azi, yana tsaye mita 604 a kan ruwa, hotonsa ne kuma ke ruɗar kowa. Amma hawa da sauka kimanin kilomita 8 ne, awa huɗu ga mai ƙarfin gwiwa, ban da tafiyar mota. Ba a tauna taura biyu: ko dutsen ta hannun kamfani, ko gari. Ni gari na zaɓa, na shiga gidan tarihin man fetur, inda aka baje labarin abin da ya biyo bayan gano rijiyar Ekofisk a 1969, na fito ina ta saƙe-saƙen da kowane ɗan ƙasa mai arzikin mai zai yi.

Ålesund gari ne da gobara ta cinye a daren 23 ga Janairu, 1904, ta bar mutum kimanin 10,000 ba matsuguni a tsakiyar hunturu, aka sake gina shi da dutse cikin 'yan shekaru bisa salon ginin da ake yayi a Turai a lokacin. Matakala 418 ke kai mutum kan dutsen Aksla, kyauta. Amma ni a nan ne na karya ƙa'idar kusa, da gangan, bayan na lissafa lokacina na ware awa biyu na ko-ta-kwana. Na yi tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi, har da tsallake ruwa a jirgin fito, zuwa Ørsta, mahaifar Ivar Aasen.

An haifi Aasen a 1813, ɗan talakan manomi, a lokacin da rubutun ƙasar kacokan da harshen Danmak ake yinsa, sakamakon ƙarnoni huɗu na zama ƙarƙashin sarautarta. Ya koyar da kansa, ya yi shekaru yana bin ƙauyuka yana tattara maganar manoma da masunta, ya fitar da nahawu a 1848 da ƙamus a 1850, ya gina daidaitaccen rubutu a kan karin harshen talakawa. A 1885 majalisa ta daidaita matsayinsa da ɗaya rubutun. Shi ne ake kira Nynorsk a yau, kishiyar Bokmål. Inda wannan ya rubuta "jeg" don "ni", wancan "eg" zai rubuta. Marasa rinjaye ne ke amfani da shi, akasarinsu a waɗannan gaɓoɓi da jirgi ke ratsawa, kuma da shi Jon Fosse ya yi rubutun da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2023. A cibiyar da aka buɗe a gonar su Aasen a 2000, 'yan tsirarun baƙi na tarar, alhali jirginmu ya sauke dubbai a safiyar nan. A bangon fasfon ƙasar kuwa an rubuta sunanta da Bokmål, da Nynorsk, da kuma harshen Sami na makiyayan arewa.