KASUWAR CIKIN WAYA

Dukanmu mun san dandali. Nan a ke haɗuwa da dare, a yi hira, a ji labarin gari. Mun kuma san duk inda mutane suka taru, ba a rasa mai tsire, da mai goro, da yarinya da faifan gyaɗa. Taro shi ke jawo ciniki.

To, a zamanin nan an sami wani irin dandali wanda ba shi da fili, ba shi da inuwar itace. Cikin wayar hannu ya ke. Ana ce da shi dandalin sada zumunta. Yau za mu karanta yadda ya soma, da yadda a ke ciniki a cikinsa, da abin da ya kamata mu kiyaye.

Yadda Ya Soma

A shekara ta 2004 wani ɗalibi mai suna Mark Zuckerberg, shi da abokansa, suka ƙago Facebook a jami'ar Harvard, a ƙasar Amurka. Da fari ɗaliban makarantarsu kaɗai ke shiga. A 2006 aka buɗe shi ga sauran jama'a. Sai mutane suka yi ta tururuwa. A 2012 masu shiga sun kai miliyan 1,000. A 2017 sun kai miliyan 2,000, watau kamar mutanen Nijeriya duka sau 10.

Ba shi kaɗai ba ne. YouTube ya fito a 2005, WhatsApp a 2009, Instagram a 2010, dukansu daga Amurka. Daga baya TikTok ya zo daga ƙasar Sin.

Mu nan Nijeriya, wayar hannu ta soma bazuwa a 2001. Da farko sai masu hali. Sannu a hankali ta yi araha, har ta shigo ƙauye. A 2013 WhatsApp ya kawo dabarar aika murya, ko wanda bai iya rubutu ba ya sami bakin magana. A 2016 kuma aka sa Hausa cikin harsunan Facebook.

Me ya sa mutane suka karɓe shi haka? Don zumunci. Da, in ɗanmu ya tafi cin rani Ikko, sai mu jira wasiƙa ko saƙon baka. Yanzu muna jin muryarsa, muna ganin fuskarsa, a yinin nan.

Wa Ke Biya?

Ba a karɓar kuɗin shiga wannan dandali, sai dai mu sayi data. Amma a 2014 kamfanin Facebook ya sayi WhatsApp a kan dala wajen miliyan 19,000. Ina ya sami wannan dukiya? Hausawa sun ce, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Amsar ita ce talla. Wannan kamfani, wanda a ke kira Meta tun 2021, fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin da ya ke samu daga talla su ke fitowa.

Ga yadda abin ya ke. Sa'ad da muka shiga Facebook, mun faɗa masa shekarunmu, da garinmu, da ko mu maza ne ko mata. Sa'an nan yana lura da abin da mu ke tsayawa kallo. In mutum ya cika kallon awaki, na'ura ta gane. Sai mai sayar da maganin dabbobi ya biya kamfani, ya ce a nuna tallarsa ga masu kiwo na lardi kaza. Gobe sai mu ga maganin tsutsa ya bayyana a wayarmu, mu yi ta mamaki. Ba duba ba ne, ba tsafi ba. Mu da kanmu muka ba da labarinmu.

Mai shela yana faɗa wa kowa, da mai so da marar so. Wannan talla kuwa zaɓe ta ke yi. Ashe ke nan idonmu da lokacinmu su ne hajar da kamfani ke sayarwa.

Akwai wata hanya kuma. 'Yan kasuwa su kan biya mutumin da ya yi suna, kamar ɗan wasa ko mawaƙi, don ya yabi kayansu a gaban mabiyansa. Mu tuna da maroƙi. Wanda ya ba shi, shi ya ke yabo.

Amfaninsa Gare Mu

Ba manyan 'yan kasuwa kaɗai ke cin wannan kasuwa ba. Ƙaramin mai sana'a ma yana da rabo, ko bai biya kuɗin talla ba.

A ce wata matar aure tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba ta fita. Da, sai ta ɗora wa 'yarta talla, yarinya ta wuni tana yawo, makaranta ta wuce ta. Yanzu fa? Uwar ta ɗauki hoton kwalaben mai a wuri mai haske. Ta rubuta kuɗin kwalba ɗaya. Ta sa a WhatsApp, 'yan'uwanta na birni su gani, su nuna wa maƙwabta. Mai so ya tura kuɗi, a kai kaya tasha, direba ya kai. Waya ta ɗauki talla, yarinya ta ɗauki littafi.

Haka manomi. Kafin ya ɗaure buhun wake, sai ya tambayi abokinsa na kasuwar Dawanau nawa a ke saye yau. In dillali ya zo, ya tarar da mutumin da ya san farashi.

Amma mai sayarwa ya riƙe gaskiya. Ya nuna hoton kayansa na ainihi, kada ya ari na wani. Ya cika mudu, ya cika alkawari. A nan labari ya fi iska gudu. In mutum ya cuci guda ɗaya, kafin magariba ɗari sun ji.

Abin Da Za Mu Kiyaye

Kowace kasuwa da ɓarayinta. Ga abubuwa huɗu.

1. Hoto ba kaya ba ne. In ba mu san mai kaya ba, mu nemi wanda ya san shi, ko mu ce sai kaya sun iso za mu biya. In araha ta yi yawa, mu ja da baya.

2. In mai saye ya ce ya turo kuɗi, kada mu yarda da hoton rasit ko saƙo kawai. Akwai na ƙarya. Mu duba asusunmu, mu ga kuɗi sun shiga, kana mu saki kaya.

3. Kada mu ba kowa lambar sirri ta banki. Haka lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa. Wanda ya same su, zai shiga da sunanmu, ya roƙi danginmu kuɗi.

4. Wanda ya ce mu kawo naira 10,000 ta zama 20,000 cikin mako, mu guje shi. Haka mai maganin da ya ce yana warkar da kowace cuta. Mu tafi asibiti.

Ina Karatu Ya Shigo?

Wani zai ce, tun da ana aika murya, me za a yi da karatu? To, mu duba. Lambar asusu 10 ce, da ido a ke karanta ta. Sunan mai asusu rubuce ya ke fitowa. Tsakanin 5,000 da 50,000 sifiri ɗaya ne kawai. Wanda bai iya karatu ba, dole ya miƙa wa wani wayarsa, ya faɗa masa sirrinsa. Ya zama kamar makaho a kasuwa, sai inda ɗan jagora ya kai shi.

Saboda haka kada mu yi wasa da zuwa aji. Mu koyi baƙaƙe, mu koyi lissafi, don mu shiga wannan kasuwa da idonmu.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka ƙago Facebook, a wace ƙasa?
2. Daga ina kamfani ke samun kuɗinsa?
3. Me za mu yi kafin mu saki kaya?
4. Rubuta tallar abin da ka ke sayarwa cikin layi biyu, ka sa kuɗinsa.