Zuwa Farin Ruwa: Abin da Waya Za Ta Iya Bayan Sabis Ya Ɗauke

Matashin da ya taso daga Wurma don ganin Farin Ruwa, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse mai tsayin kimanin mita 150 a ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa, doguwar tafiya ce a gabansa: Dutsin-Ma, Funtuwa, Zariya, Kaduna, Akwanga, sannan Wamba. Daga nan sai hanyar ƙauye mai gargada, ƙarshenta kuma a ajiye mota a taka da ƙafa cikin daji.

A irin wannan wuri sabis kan ɗauke. GPS ba ya buƙatar data, domin daga tauraron ɗan'adam yake karɓar sigina, amma taswirar kanta sai an sauke ta a Google Maps tun daga gida. Sai dai wadda aka sauke hanyar mota kawai take nunawa, ban da ta ƙafa. Shi ya sa ɗaukar ɗan gari ya yi jagora ya zama dole.

Neman sabis yana cinye batir, don haka a kunna yanayin jirgin sama, a riƙe fawa banki. Kafin sabis ya ɗauke, a tura wa 'yan gida saƙon inda aka nufa da lokacin dawowa.