Cocin Katolika da Dokar 1905 a Faransa

A Disambar 1905 Faransa ta kafa dokar raba addini da gwamnati, wadda ta tabbatar wa kowa 'yancin ibada, amma ta soke albashin limaman coci, ta kuma buƙaci a danƙa kadarorin majami'u ga ƙungiyoyin mabiya. Fafaroma Pius na 10 ya ƙi amincewa a 1906, domin tsarin ya yi watsi da ikon bishop, wato shugaban majami'un yanki, kuma wannan tsayin daka, mai tsada ƙwarai, ya raba cocin da dukiya mai yawa. Da jami'ai suka zo ƙidayar kayan ibada bisa wannan doka, ƙauyawa da dama sun datse ƙofofin majami'unsu, har aka yi asarar rai a ƙauyen Boeschepe. Sai a 1924 aka daidaita bisa ƙungiyoyin da bishop ke shugabanta.