Gilakoma da Ganin Dare

Gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido, cuta ce da ke cinye jijiyar gani, wato igiyar nan mai zare sama da miliyan 1 da ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Galibi ruwan cikin ido ne ke rasa mafita, ya taru ya danne jijiyar. Awon ƙarfin ruwan a lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21.

Daga gefe ɓarnar take farawa, kuma gefen ido ne ke ɗaukar nauyin gani idan haske ya yi ƙaranci. Shi ya sa mai cutar zai karanta jarida da rana lafiya lau, amma magariba na yi ya fara tuntuɓe da turmi a tsakar gida. Idon mai lafiya kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, na mai gilakoma kuwa ya fi haka nawa. In fitilar mota ta dalle shi, ya daɗe ke nan ganinsa bai dawo ba.

Abin takaici, da zarar dattijo ya koka da haka sai a ce ai dundumi ne, a ruga a gaso masa hanta. Hanta magani ce, ba musu, amma ga dundumin da ƙarancin bitamin A ke kawowa, wanda ya fi addabar yara da masu juna biyu. Jijiyar da ta riga ta mutu fa? Ko hantar sa guda aka cinye ba za ta farfaɗo ba. Daga nan sai a koma tozali, sai tsime-tsime, wani ma a kai shi gun masu ture yana da allura, alhali yana daban, gilakoma daban. Ana cikin wannan kame-kame shekaru ke wucewa, gani na tsukewa har ya zama kamar leƙe ta kafar bututu.

Akwai wani nau'in gilakoma da ke tasowa farat ɗaya, sau da yawa cikin duhu, da azabar ciwo da amai da ganin bakan gizo kewaye da fitila. Wannan ba ya jiran gari ya waye.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da gilakoma, kuma ita ce ta biyu wajen makantarwa bayan yana. Maganin ɗigawa da tiyata suna kare ganin da ya rage ne kawai. Duk wanda ya kai 40, musamman in akwai ta a danginsu, ya je a auna masa ido.