Jiki na Barci, Hankali Ido Biyu

Shirinmu na musamman na yau naku ne, ku da dare ke yi wa tsawo, kuna juyi a shimfiɗa har kiran assalatu, tunani ya hana ido runtsawa.

A ƙasar Indiya akwai wata dabarar sassauta jiki da ake kira Yoga Nidra. Nidra a harshen Sanskirit barci ke nan. Wanda ya yi fice wajen tsara ta yadda ake yinta a yau shi ne Swami Satyananda Saraswati na makarantar yoga ta Bihar da ke garin Munger, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1976.

To, yaya ake yi? Babu lanƙwasa jiki, babu wahala. Za ka kwanta rigingine inda babu hayaniya, ka lumshe ido, ka bi muryar mai jagora. Muryar za ta riƙa kiran gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya: babban yatsan hannun dama, tafin hannu, gwiwar hannu, kafaɗa, har tafin ƙafa, sannan a koma hagu. Duk gaɓar da aka ambata, ka kai hankalinka can, ka sake ta. Daga nan sai ƙidayar numfashi da baya da baya, kamar daga 27 zuwa 1. Minti 20 zuwa 40 sun wadatar.

Hikimar ita ce, hankalin da ya koma kan yatsa da numfashi ba ya samun sukunin saƙa da warwara. Numfashi zai lafa, bugun zuciya ya daidaita, tsokar wuya da ta kafaɗa su saki, barci ya samu ƙofar shiga.

A Amurka, masanin halayyar ɗan Adam Richard Miller ya tsara wani nau'i da ba a haɗa shi da wata ibada ba, mai suna iRest. A 2006 aka gwada shi a asibitin sojoji na Walter Reed a kan dakarun da firgicin yaƙi ya biyo su gida.

Sai dai, masu sauraro, idan ciwon damuwa ne ke hana barcin, ciwo ne na gaske, ba ragwanci ba ne. Wannan dabara taimako ce, kada ka ajiye maganin da likita ya ba ka saboda ita. Idan ƙunci ya wuce mako biyu, ko ka ji rayuwa ta fita daga ranka, ka gaya wa wani naka, ku je asibiti yau ba gobe ba. Allah Ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali.