Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Idan Umarnin Rumbun Bayanai Ya Daina Aiki

Ƙorafin da aka fi ji daga bakin masu kula da rumbun bayanai shi ne, "Jiya lafiya ƙalau yake aiki, kuma ban taɓa komai ba." Wataƙila gaskiya suka faɗa, amma kwamfuta ba ta sauya hali don ganin dama. Idan umarnin SQL ko ɗan shirin da ya daɗe yana aiki ya tsaya rana tsaka, to wani abu ya canja, ko manhajar da ke ɗauke da shi, ko bayanan da ake shigar masa. Aikin mai gyara na farko shi ne gano wannan canji kafin ya goge ko layi ɗaya.

Tarihin manhajojin ya tabbatar da haka. Da PHP 7 ta fito a 2015, ta cire tsofaffin umarnin da ke farawa da mysql_, sai shafuka suka riƙa mutuwa ranar da masu ba su hayar sabar suka sabunta manhaja. MySQL 5.7 ta tsaurara dokar GROUP BY, abin da a da ake kau da kai a kansa ya zama kuskure. MySQL 8.0 kuwa ta keɓe kalmomi irin su RANK, wanda duk ya raɗa wa ginshiƙin teburinsa wannan suna sai ya wayi gari da kuskure mai lamba 1064. Wani lokaci kuma daga bayanan ne. Shirin da ke liƙa sunan mutum kai tsaye cikin umarni zai karɓi Musa da Binta lami lafiya, ranar da Sa'idu ko Mu'azu ya zo rajista sai ya tsaya, domin SQL na ɗaukar alamar hamzar nan a matsayin ƙarshen rubutu. Ta wannan kafa ce ma masu kutse ke shiga, kuma maganinta shi ne a aika umarni daban, bayanai daban. Haka teburin da aka bari a tsarin latin1 yakan mayar da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya.

Wani zai ce ai babu lokacin bincike, jama'a na jira, gara a sake kunna sabar ko a koma tsohuwar manhaja. Komawa baya na iya sama wa mutum sararin numfashi, amma tsohuwar manhaja ba ta samun gyaran tsaro har abada. Python 2 ma an daina kula da ita a 2020. Binciken kuwa bai kai tsawon da ake tsoro ba: a buɗe kundin kurakurai a karanta saƙon har ƙarshe, a ɗauki umarnin shi kaɗai a gwada shi kai tsaye a kwafin rumbun, sannan a canja abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya canja abu biyar lokaci guda, ko da aiki ya dawo, bai san wanne ya gyara ba, kuma ranar da matsalar ta sake tasowa daga farko zai soma.