Me ya sa ake tunawa da 26 ga Disamba?

Duk ƙarshen shekara sai kafafen yaɗa labarai su dawo da maganar 26 ga Disamba. Babban dalili shi ne tsunami na 2004.

Tsunami igiyar ruwa ce mai tasowa idan girgizar ƙasa ta ɗaga ƙasan teku. A tsakiyar teku ba ta da tsayi sosai, sai gudu kamar na jirgin sama. Tana isa gaɓa sai ta taru ta miƙe. A safiyar 26 ga Disamba ta 2004, girgiza mai ƙarfin maki 9.1 ta auku kusa da tsibirin Sumatra na Indunusiya. A wasu gaɓoɓin ruwa ya fara ja da baya, kifi na tsalle a kan yashi, mutane suka matso kallo. Kimanin mutum 230,000 suka rasu a ƙasashe 14, har da Somaliya, amma lardin Aceh na Indunusiya ya fi ji a jika. A lokacin tekun Indiya ba shi da tsarin gargaɗi, sai a 2006 aka kafa.

A irin wannan rana ta 2003, girgizar ƙasa ta rusa garin Bam na Iran, ta kashe fiye da mutum 26,000.

Ba a cika ambaton 1898 ba, alhali a irin wannan rana ta shekarar ce Marie da Pierre Curie suka sanar a birnin Paris cewa sun gano sinadarin radiyom, wanda daga baya likitoci suka riƙa ƙona ƙwayoyin cutar daji da shi.